Cinikin Biri a Sama: Yadda Ake Tsare Jerin Kaya a Shagon Intanet



Idan aka zaga azuzuwanmu a nan Binyaminu Usman Polytechnic, da wuya a samu ajin da babu mai shago a cikin waya. Wannan tana sayar da turaren wuta da humra a WhatsApp, wancan yana tallar takalma da huluna a Facebook, wani kuma duk mako sai ya kai kwalin kifi tasha an sa masa a motar Kano ko Abuja. Mu da muke shekarar ƙarshe mun fi kowa sanin dalili. Takardar difloma tana tafe, amma babu wanda ya ajiye mana kujera a ofis. Da yawanmu wannan ɗan shagon na waya shi ne zai riƙe mu bayan mun fita, don haka ya kamata mu san abin da ke kashe shi.

Bahaushe ya ce ba a cinikin biri a sama. To ciniki a intanet kusan shi ke nan. A kasuwar kifi ta Haɗeja mai saye zai ɗaga kifin ya jinjina, ya shinshina, ya ɗan karya gefe ya ga ko ya bushe. Matar da ke Kaduna tana duba wayarta ba ta da wannan damar. Abin da ke gabanta suna ne, da hoto, da farashi, da 'yan kalmomin da ka rubuta. Da su kaɗai za ta yanke shawarar turo maka kuɗinta. Idan abin da ya iso gidanta ya saɓa wa abin da ta karanta, ba za ta ce kuskure ba ne, cewa za ta yi an cuce ta, kuma za ta faɗa wa ƙawayenta.

Waɗannan bayanan, idan aka tara su wuri ɗaya, su ake kira jerin kaya, wasu su ce katalog. Tsaftarsa ita ce a ce babu kayan da aka rubuta sau biyu, babu gurbin da aka bari fayau, babu tsohon farashi. Daidaitonsa kuma shi ne abin da ke WhatsApp ya zama shi ne a Facebook, shi ne kuma a littafin sito.

Ni daga Baturiya nake, a ƙaramar hukumar Kiri Kasamma. Mutanen waje sun san mu da tsuntsayen da ke zuwa daga Turai lokacin sanyi, har aka sa dausayinmu cikin jerin wuraren Ramsar na duniya a 2008. Mu kuwa abin da muka sani shi ne kifi, da shinkafa, da tabarmar kaba. Na yi SIWES ɗina a wani shago a Kano da ke sayar da kayan abinci ta intanet, kuma aikin da aka ɗora ni a kai shi ne gyaran jerin kayansu. A gida ma ni nake riƙe wa kawuna nasa. Abin da na koya a wuraren nan biyu shi zan kawo muku, da misalan kayanmu na nan.

Kaya ɗaya, suna ɗaya

A shagon da na yi aiki na tarar da kifi iri ɗaya an shigar da shi sau uku: "Tarwada banda", "Busasshen kifi manya", da "Bandar tarwaɗa". Ma'aikata uku ne suka shigar a lokuta daban-daban, kowa da farashin ranar da ya rubuta. Kwastoma sai ya ga farashi uku, ya zaɓi mafi araha, a zo ana jayayya. Mai shagon kuma idan ya duba ba zai iya cewa ga yawan tarwaɗar da ya sayar a wata ba, domin lissafin ya rabu gida uku.

Maganin wannan shi ne ka tsara yadda ake ba kaya suna, kuma kada ka kauce. Tsarin da nake bi shi ne: irin kayan, sai yanayinsa, sai girmansa, sai nauyinsa. Misali, "Tarwaɗa, banda, manya, kilo 1". Na gaba "Karfasa, banda, ƙanana, kilo 1". Haka shinkafa: a faɗi irinta, jamila ce ko wata, a kuma faɗi ko shanshera ce ko gyararriya. Kalmomi irin su "mai kyau sosai" ko "sabon shigowa" ba su da wuri a suna. Bayan wata biyu sabon shigowa ya tsufa, sunan yana nan yana ƙarya.

Akwai wata matsala da ta keɓanta da mu masu rubutun Hausa, wato haruffa masu ƙugiya. A wajen kwamfuta "ɗ" da "d" haruffa biyu ne daban, kamar yadda "b" da "k" suke daban. Wanda ya rubuta "ridi" a wurin bincike yana iya rasa kayan da aka shigar da sunan "riɗi". Sunan garin nan ma wani zai rubuta Haɗeja, wani Hadejia, wani Hadeja. Zaɓi rubutu ɗaya ka tsaya a kansa a wajen suna, sannan a cikin bayanin kayan ka sa ɗayan, tunda yawancin mutane ba sa sa ƙugiya idan suna rubutu a waya. Haka za ka yi da bambancin kari: zoɓo da soɓorodo abu ɗaya ne. Mutumin Maraɗi idan ya ce hatsi gero yake nufi, a Kano kuwa hatsi ya haɗa gero da dawa da sauransu. Suna ɗaya a sama, sauran sunayen a cikin bayani.

Kwano ba ma'aunin intanet ba ne

Nan ne rigima ta fi yawa. Mun saba da kwano, mudu, tiya, buhu, kwali. A kasuwa suna aiki domin mai saye yana tsaye yana kallon awo, yana gani ko an yi tsororo ko an shafe, ko an sa hannu. Amma mudun wannan gari ba shi ne na wancan ba. Buhu akwai mai kilo 25, akwai mai 50, akwai mai 100. "Kwali ɗaya na kifi" kuwa, wane kwalin? Na taliya ko na sabulu? An danna ko an jera sama-sama? Mai sayarwa yana da kwali ɗaya a ransa, mai saye yana da wani, kowannensu kuma yana ganin shi ne mai gaskiya.

Sayi ƙaramin sikeli, shi ne jarin farko. Duk abin da ake aunawa a rubuta shi da kilo ko giram, mai ruwa kamar zuma da man gyaɗa a rubuta da lita, tabarma a faɗi tsawo da faɗinta da santimita. Idan kana son ambaton kwano don mutanenmu su gane, sa shi a bayani, amma kilo shi ne abin da aka yi ciniki a kai. Kuma a rubuta shi iri ɗaya ko'ina. Idan ka zaɓi "kilo 1", kada gobe a ga "1kg", jibi a ga "kilo guda".

Kada wani ya ce wannan ƙaramin abu ne. A watan Satumba na 1999 hukumar NASA ta Amurka ta yi asarar kumbonta mai suna Mars Climate Orbiter, saboda ɓangare ɗaya na masu aikin ya yi lissafi da ma'aunin fam, ɗaya ɓangaren kuma ya ɗauka da ma'aunin mita aka yi. Idan injiniyoyin da suka harba kumbo za su faɗa wannan ramin, to ni da kai ba mu fi ƙarfinsa ba.

Masu kifi su ƙara lura da wani abu: banda tana ci gaba da bushewa, musamman da hunturu, nauyinta yana raguwa. Kwalin da ka auna mako biyu da suka wuce ba lallai ya kai nauyinsa yau ba. A auna ranar da za a ɗaure kaya, kuma kwalin kansa ba ya cikin awo.

Kowane kaya da lambarsa

Duk ɗalibi a makarantar nan yana da lambar rajista. A ajinmu masu suna ɗaya sun fi a ƙirga, amma sakamakon wani ba ya shiga na wani saboda lambar. Kaya ma haka suke. 'Yan kasuwar intanet suna kiran wannan lamba SKU, kuma kai ne kake ƙirƙirar taka. Misali KF-TRW-M-1000, wato kifi, tarwaɗa, manya, giram 1000. Na rabin kilo sai ya zama KF-TRW-M-500. Ƙa'idojin ba su da yawa. Kowane girma da kowace kala suna da lambarsu daban. Ba a sa farashi cikin lamba, tunda farashi yana canzawa. Idan ka daina sayar da wani kaya, lambarsa ta tafi tare da shi, ba a ba sabon kaya ita, in ba haka ba tsohon lissafi zai cakuɗe da sabo.

Wannan tunanin shi ne ya haifar da zanen layukan nan baƙi da fari da muke gani a jikin gwangwanin madara. An fara karanta shi da na'ura a kanti ranar 26 ga Yuni 1974, a garin Troy na jihar Ohio a Amurka, a jikin fakitin cingam na Wrigley. Ƙungiyar GS1 ce ke raba waɗannan lambobin a duniya, mafi yawan waɗanda muke gani alƙaluma 13 ne, kuma waɗanda aka yi rajistarsu a Najeriya suna farawa da 615. Ku lura, wannan yana nuna ƙasar da aka karɓi lambar ne, ba lallai ƙasar da aka yi kayan ba. Mai ƙaramin shago ba ya buƙatarta tun yanzu, amma ranar da zai kai zumarsa babban kanti za a iya tambayarsa. Wanda ya saba da lambar kayansa tun farko ba zai sha wahala ba ranar nan.

Manhajar WhatsApp Business, wadda aka ƙara wa katalog a 2019, tana da gurbin lambar kaya, kuma tana ɗaukar kaya har 500. Yawancinmu tsallake gurbin muke yi. Manyan kasuwannin intanet irin su Jumia da Konga, waɗanda duka suka fara a Legas a 2012, su ma sai mai sayarwa ya cike musu fom na kowane kaya, gurbi bayan gurbi.

Uwar rijista guda ɗaya

Abin da ya fi komai muhimmanci a ganina shi ne wannan. Dole a samu wuri ɗaya tak da ake ɗauka shi ne gaskiyar shago. Ni ina kiransa uwar rijista. Jadawali ne a Google Sheets ko Excel, wanda babu kwamfuta ma zai iya buɗe shi a waya, in ya ƙi ma littafi mai kauri ya isa. Kowane kaya layinsa, kowane bayani gidansa: lamba, suna, rukuni, nauyi, farashi, yawan da ya rage a sito, ranar da aka yi gyara na ƙarshe, da sunan hoto. A gidan farashi alƙaluma kawai ake sa wa. Da zarar ka rubuta "dubu tara da ɗari biyar, akwai ragi", kwamfuta ba za ta iya tara shi ba.

Duk wani canji a uwar rijista ake fara yinsa, daga nan a kwafa zuwa WhatsApp, Facebook, Instagram. Ba a yin akasin haka, ko da ana sauri. Idan ku biyu ko uku ne kuka haɗa jari, ku zaɓi mutum ɗaya da ke da ikon gyara ta, sauran su gani kawai. Wannan ba rashin yarda ba ne, don kada a wayi gari farashi ya canza a rasa wanda ya taɓa.

Jadawalin kansa yana da kayan aikin da muka koya a darasin kwamfuta muka manta. Data Validation yana ba ka damar tsara jerin rukunai da za a zaɓa, don kada wani ya rubuta "Kifi", wani "Kifaye". TRIM yana cire tazarar da ta maƙale a ƙarshen kalma, wadda ido ba ya gani amma kwamfuta tana ƙirgawa. Remove Duplicates yana cire layukan da aka maimaita, sai dai ka ajiye kwafi kafin ka danna shi, domin idan ka zaɓi gidan da bai dace ba zai share maka kayan da ba maimaici ba ne.

Farashi da abin da ya ƙare

Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin mota da farashin kaya ba sa daɗewa wuri ɗaya. Mu ɗauka kilon banda ya tashi daga naira 9,000 zuwa 10,500, ka gyara a WhatsApp, ka bar na Facebook. Mutum goma suka yi oda daga can, kowa ya turo tsohon farashi. Ko dai ka haɗiye asarar naira 15,000, ko ka kira mutum goma kana neman ciko, su kuma su ɗauke ka mai magana biyu. Shi ya sa gidan "ranar gyara" yake da amfani: kallo ɗaya za ka gane farashin da ya kwana biyu. A kuma faɗa ƙarara ko kuɗin mota yana ciki, da wanda zai biya yaron tasha.

Kayanmu na nan kuma na lokaci ne. Idan ruwa ya fara janyewa bayan damina kifi ya yi yawa, ana samun manya. Da bazara sai ya yi ƙaranci. Shekarar da ambaliya ta yi ƙarfi, kamar 2022, hanyoyi sukan yanke, kaya su kasa fitowa daga ƙauyuka. Jerin kayan da ke cewa "akwai" shekara gaba ɗaya bai san Kogin Haɗeja ba. Idan abu ya ƙare a rubuta ya ƙare a ranar, ko a ɓoye shi daga idon kwastoma. Amma kada a goge layinsa daga uwar rijista, domin baɗi za ka so ka san wane wata ya ƙare da kuma nawa ka sayar, don ka san yawan da za ka sara.

Hoto da bayani

Hoton da aka ɗauko daga intanet ba hoton kayanka ba ne. Ɗauki naka, da rana, a kan shimfiɗa iri ɗaya ga dukkan kayan. Sa wani abu a gefe da zai nuna girma, kamar akwatin ashana, ko ka ɗauki kifin yana kan sikeli. Idan manyan kaka sun ƙare ka koma sayar da matsakaita, hoton ma ya canza. Ba kowane hoto sunan lambar kayansa, don kada ka yi ta laluben hotuna dubu a waya kwastoma yana jira.

A bayani a rubuta abin da za a iya tabbatarwa: daga ina kayan ya fito, yaushe aka yi bandar, yaya za a adana shi, kwana nawa zai yi a hanya. Kada a ce zuma tana maganin ciwon suga ko hawan jini don a ja ciniki. Kada a sa lambar NAFDAC da ba taka ba. Hukumar tana nan tun 1993 kuma kula da abinci da magunguna shi ne aikinta. Dokar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta hana siffanta kaya ta hanyar da za ta yaudari mai saye. Kafin doka ma, duk mun taso muna jin abin da malamai ke faɗa game da tauye mudu. Rubuta kilo ɗaya a aika da giram 850 tauye mudu ne, ko da gangan ko da sakaci, a waya aka yi ko a rumfa.

Sharar mako-mako

Jerin kaya kamar tsakar gida yake, ko an share yau gobe sai an sake. Ware rabin awa a mako, rana ɗaya tsayayya. Jera sunaye bisa haruffa, masu kama da juna za su zo kusa, ka ga maimaici. Duba gidajen da babu komai ka cike. Shiga sito ka ƙirga, ka gwada da abin da ke rubuce. Idan sun saɓa, nemo dalili kafin ka gyara alƙalamin. Sannan ka ari wayar abokinka ka buɗe shagonka kamar baƙo, ka zaɓi kaya biyar ka gwada su da uwar rijista.

Tambayoyin kwastomomi ma ma'auni ne. Idan mutum uku suka tambaye ka "kilo nawa ne?" a kan kaya ɗaya, to bayanin ne bai cika ba. Ka amsa musu, sannan ka je ka gyara, don na huɗu wataƙila ba zai tambaya ba, wucewa kawai zai yi zuwa wani shagon.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda ke da kaya goma sha biyar yau, yamma ɗaya ta ishe shi ya tsara su. Idan suka kai ɗari uku aikin makonni ne, kuma na ga yadda yake. Ga waɗanda ba su da shago, wannan sana'a ce da kanta. Dillalan riɗi da zoɓo, masu shinkafa, masu kifi a nan Haɗeja da Malam Madori, da yawansu sun san kayansu fiye da mu nesa ba kusa ba, abin da suka rasa shi ne wanda zai zauna ya rubuta musu shi daidai. Mu kuma an koya mana jadawali, muna da waya, muna jin yarensu. Kafin a fara jarrabawa, kowa ya buɗe shagonsa ko na wani ɗan uwansa, ya ɗauki kaya goma, ya ba su suna, nauyi da lamba.

Allah Ya ba mu sa'ar jarrabawa, Ya sa albarka a abin da muke nema.